Bakin Kusurwa

A Tudun Jukun, a gidan da ba a sa wa ƙofa ba tukuna,
na kwantar da tayil a kan tsohuwar tayar mota,
fuskarsa ƙasa, bayansa sama,
na ja layi da guntun fensirin da ke kwana a kunnena.

Arba'in da biyar, in ji masu takarda.
Oga Hashimu bai taɓa kiran lambar ba.
Shi cewa yake: karkata hannu
kamar mai zuba wa surukinsa shayi,
kada ya malala, kada ya gaza.

Na yumɓu, mai jan baya, yana da haƙuri,
faifai na shiga cikinsa kamar wuƙa a dafaffen rogo.
Dutse yana da jijiya, sai ka bi ta inda ta bi.
Amma tangaran
ba ya yafiya.
Ka yi masa gaggawa, ya ɓantare a baki,
ya bar maka giɓi
wanda siminti ba ya rufa wa asiri.

Ranar farko bakwai na fasa.
Oga ya jera su a jikin bango, bai ce uffan ba,
ran Alhamis ya cire kuɗinsu a ladana,
na taka da ƙafa har Gyallesu, aljihu fayau.
Washegari ya kama yatsana ya ɗora a gefen tayil:
ci bayansa yadda kake so,
amma ka bar wa fuskar kaurin farce.
Ko dutse, ya ce, in za ka rage shi,
rage shi ta inda mutane ba sa gani.

Giranda ta yi kuka.
Faifan nan a Sabon Gari na saya,
mai shagon ya rantse lu'ulu'u ne a bakinsa,
ban ga ƙyalli ba, amma yana ci.
Nafi'u na tsaye a kaina da gorar ruwa
wadda muka huda wa murfi da ƙusa,
yana ɗiga, yana ɗiga,
ƙurar na zama farin kunu, tana bin gwiwar hannuna.

Oga bai taɓa ɗiga ruwa ba.
Shekara talatin a bushe yake yanka,
ya fito fari fat har gira,
yara na yi masa dariya a bakin titi.
Bara likita a Shika ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga haske,
sai ka ce an yi wa huhun filasta.

An ɗauke wuta da la'asar.
Na ƙarasa da dutsen goge, da hannu,
sannu, sannu,
har baki biyu suka haɗu a kan matakala
kamar leɓɓan mutumin da ya gama magana.
Zanen da ya taho daga sama
ya karya kwana, ya sauka, bai yanke ba.

Na ɗauko shi a babur bayan sallah.
Sau uku muka tsaya a hanya, tari ya wuce.
Ya tsuguna gaban matakalar,
bai duba ba,
ya rufe ido, ya sa babban yatsa,
ya bi kusurwar tun daga bango.

Ina jin numfashinsa kamar zarto a ɗanyen katako.

Ya wuce tayil na farko. Ya wuce na biyu.
A tsakiyar na huɗu yatsan ya tsaya,
ya koma baya kaɗan, ya dawo.

Nan, ya ce,
nan ka tuna da wata.

Nafi'u ya tuntsire da dariya.
Ni kuwa na duƙa da fitilar waya,
na duba, na sake dubawa,
ban ga komai ba.
Sai da na rufe ido.